Yadda zaka gano matsalar intanet ɗin gida da kanka, ka kuma saita imel a kwamfuta

Salamu alaikum ƴan'uwa na Nima da Maamobi da Fadama da Madina da duk inda zango yake a Accra. Wannan bayanin na masu kwamfuta a gida ne, ta tebur ko laftof, waɗanda intanet ke yi masu gardama, yau ya hau gobe ya ƙi, ko kuma intanet ɗin na aiki lafiya lau amma imel ya ƙi shigowa ya ƙi fita. Yawancin mu da zarar abu ya ƙi sai a kinkimi kwamfuta a shiga tirotiro, motar haya, sai Circle inda masu gyara suke, mai gyara ya duba minti biyu yace sai anyi fomatin, a goge komai harda hotunan suna da na biki, ka biya ka dawo gida ka jona, matsalar tana nan inda ka barta dan tun farko ba a cikin kwamfutar take ba. Kafin ka ɗauki komai ka fita dashi, ka fara gano a ina hanyar ta yanke, a wuta ne, a modam ne (na'urar da ke haɗa kwamfuta da layin intanet), a wurin kamfanin layi ne, ko a kwamfutar ne. Imel kuma shi ne na ƙarshe, ba'a taɓa shi sai an tabbatar intanet na tafiya.

Manya sun san intanet ɗin da ake bugawa ta wayar gida. Ghana ta samu cikakken intanet a 1995 ta hannun kamfanin NCS na Dakta Nii Quaynor, daga baya Africa Online da Internet Ghana suka shigo, kana jona igiyar layin Ghana Telecom a bayan kwamfuta ka danna, kaji modam na buga lamba yana wannan ƙarar tashi mai ƙiii, gudun bai wuce 56k ba ko layi yafi kowane kyau, hoto ɗaya na megabait 1 sai ya ci wajen minti 3, kuma duk wanda ya kira gidan a lokacin sai yaji layi bizi. Yanzun da wuya ka samu mai hawa haka, amma tsarin yana nan a ɓoye. Tsohon modam ɗin nan na USB da ake saka masa sim, shima lamba yake bugawa, *99#, kuma intanet ɗin gida na igiya da ake shiga da suna da fasiwod shima ɗan gidan ne. Shi yasa lambobin ero ɗin da Windows ke nunawa iri ɗaya ne tun wancan zamanin har yau, in ka san su ka huta.

Fara da abun da ido ke gani

Na farko wuta. Ka duba fitilun modam ko rawuta (akwatin da ke raba wayfai a gida), in babu ko ɗaya da ke ci toh ba maganar intanet ake ba tukuna, ka canza soket, ka taɓa adafta ɗin kaji ko yana ɗumi. Bayan an ɗauke wuta an dawo da ita da ƙarfi adafta ne ke fara mutuwa, duk wanda ya ga shekarun dumsor, lokacin yawan ɗauke wuta a Ghana, ya san wannan. In zaka sayi wani ka karanta abun da aka rubuta a ƙasan rawutar, in 12V aka rubuta ka sayi 12V, kar mai shago yace maka "duk ɗaya ne".

In fitilu na ci, ka kashe komai. Zare modam daga wuta, kashe kwamfutar gaba ɗaya, ka jira kamar minti ɗaya, ka kunna modam shi kaɗai ka barshi ya gama ƙifte ƙiften shi, sannan ka kunna kwamfuta. Mutane na raina wannan amma da yawa a nan maganar ke ƙarewa.

Sai igiyoyi. Mai layin waya na gida ya cire igiyar daga kwamfuta ya saka a kan wayar tebur ya ɗaga yaji. In ba ƙara ko kaɗan layin ya mutu, ba ruwan kwamfuta. In kana jin ƙara amma da shuuu da ƙarar tartsatsi a ciki, layin ya sha ruwa ko ya yi tsatsa wani wurin, zai riƙa haɗawa yana yankewa, kuma lokacin damina wajen Mayu da Yuni abun yafi yawa. A bayan modam na kwamfutar tebur ramuka biyu ne masu kama da juna, ɗaya an rubuta LINE ɗaya PHONE, igiyar bango a LINE take shiga, ana yawan juya su bayan an share ɗaki an mayar da kaya. Kuma in hadari ya taso da tsawa ka zare igiyar wayar daga modam, ba ta wuta kaɗai ba, tsawa ta kan bi layin waya ta ƙona modam.

Mai sim kuma ga gwajin da yafi komai sauri: cire sim ɗin daga modam ka saka a wayarka ta hannu, kashe wayfai, kunna data, ka buɗe wani shafi. In ya buɗe toh sim da bandul lafiyarsu ƙalau, laifin na modam ne ko kwamfuta. In bai buɗe ba ka danna *124# ka ga abun da ya rage, masu MTN su duba *138#, sau da yawa bandul ne ya ƙare ba'a sani ba dan Windows ta zauna cikin dare tana sauke afdet ko yara sun kalli ƙwallo. Sim ɗin da ya daɗe a ajiye cikin dirowa shima a bincika, waɗanda ba'a haɗa su da Ghana Card ba an rufe su a 2023, kuma sim ɗin modam ne aka fi mantawa dashi dan ba'a kira dashi. Tunda ka riga ka ciro shi ka goge wurin zinaren nan da tsumma busasshe, ƙurar hunturu na shiga har nan. In sim ɗin na tambayar PIN a waya ka cire masa PIN ɗin kafin ka mayar, modam da yawa basa nuna maka suna jiran PIN, shiru kawai zasuyi.

Sannan ka leƙa ka tambayi maƙwabci mai layi iri ɗaya da naka. Ranar 14 ga Maris 2024 da igiyoyin ƙarƙashin teku suka lalace, su WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, intanet ya durƙushe a Ghana da ƙasashen maƙwabta na kwanaki, wanda ya kai kwamfutar shi gyara ranar asarar kuɗin mota kawai yayi.

Maganar sigina, gidajen mu na haya ɗaki cikin ɗaki ne, bulo da rufin kwano ta ko'ina, modam ɗin da ke maƙale a bayan kwamfuta ƙarƙashin tebur ba abun da zai kama. Ka nemi doguwar igiyar USB ka rataye shi jikin taga. A yawancin ƙananan modam na Huawei in fitilar na ƙiftawa ya ga netiwok amma bai haɗa ba, in ta tsaya cak ya haɗa, kore 2G ne mai jan ƙafa, shuɗi 3G.

Karanta lambar ero ɗin

In ka danna Connect ya ƙi, akwai ɗan akwatin da ke fitowa da lamba uku. Kar ka rufe shi da sauri, ka ɗauke shi hoto da waya.

680 na nufin modam bai ji ƙarar layi ba, ka koma kan igiya da ramin LINE. In wayar tebur na jin ƙara amma kwamfuta ta nace, ka shiga Control Panel, Phone and Modem, Modems, Properties, ka cire alamar da ke kan Wait for dial tone before dialing.

676 layin da kake bugawa bizi ne, jira ka sake. 678 kuma ya buga ba wanda ya amsa, ko lambar ba daidai bace ko can wurin kamfanin ne abun ya tsaya. A tsohuwar kwamfuta ka duba lambar da kyau dan lambobin Accra sun canza a 2010 daga 021 zuwa 030 2, duk abun da aka saita kafin nan tsohuwar lamba yake bugawa. A intanet ɗin igiya mai suna da fasiwod, 651 ne yafi fitowa a madadin 678, maganin farko dai kashe modam da duba igiya.

691 shi ne wanda yafi tada hankalin mutane kuma shi yafi sauƙi. Ka isa har ƙofar kamfanin sun amsa, sun ƙi sunanka ko fasiwod. Ka goge duka biyun ka sake rubutawa a hankali, ka duba ko Caps Lock na kunne, ka kula da sifili da harafin O. In ka tabbata daidai ne toh kuɗin wata ne ya ƙare, biya zakayi, ba gyara ba.

633 wani abu ya riƙe modam ɗin, yawanci manhajar da ta zo da modam ɗin tana buɗe a gefe kai kuma kana ƙoƙarin bugawa ta Windows, ka rufe ɗaya, in ya ƙi ka sake kunna kwamfuta. 797 kwamfuta bata ga modam ba sam. Canza ramin USB, gara na bayan kwamfutar tebur akan na gaba dan na gaba basu cika bada isasshiyar wuta ba. Sannan ka buɗe Device Manager ka duba ƙarƙashin Modems, in kaga alamar motsin rai mai ruwan ɗorawa direba ne ya lalace, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane modam, ka cire shi ka zare modam ka mayar ya sake saka kanshi. In kana so ka san ko modam ɗin na da rai, a Properties akwai Diagnostics, ka danna Query Modem, in ya dawo da layukan rubutu yana raye, in yace bai amsa ba bayan ka gwada a wata kwamfutar ma toh ya tafi.

619 da 628 a modam mai sim kusan kullum abu uku ne, ba kuɗi, ba sigina, ko APN, wato sunan ƙofar data ta kamfanin layi, ba daidai ba. 720 kuma saitin cikin Windows ne ya rikice, ka goge haɗin ka ƙirƙiri sabo.

Ga yadda ake ƙirƙirar sabon a Windows 10 ko 11. Settings, Network & Internet, Dial-up, Set up a new connection, Connect to the Internet, ka zaɓi Dial-up. Wurin lamba ka rubuta *99#, suna da fasiwod ka barsu fanko, ka ba haɗin duk sunan da kake so. APN kuma a Device Manager ake saka shi, Properties na modam, Advanced, akwai wani dogon fili na Extra initialization commands, ka rubuta

AT+CGDCONT=1,"IP","internet"

haka yake ba tazara, da alamomin duka. Kalmar ƙarshen nan ita ce APN, na MTN internet ne, in wani layin kake ka kira 100 su faɗa maka nasu ka canza kalmar kawai. Modam ɗin da aka saya da tambarin wani kamfani in ka saka masa sim na wani zai iya neman lambar buɗewa, kar kayi ta cankar lambobi dan adadin gwajin ƙayyadadde ne, in ya ƙare ya kulle kenan.

Sababbin modam da MiFi (ƙaramar rawutar aljihu mai sim) da rawuta basa bin wannan hanyar, su ta burawuza ake shiga cikinsu. Ka rubuta 192.168.8.1 in Huawei ne, ZTE da yawa 192.168.0.1, ainihin lambar da fasiwod ɗin shiga suna rubuce a ƙasan na'urar ko cikin murfin batir. A ciki zaka ga ƙarfin sigina, da wurin APN, da jerin duk wayoyin da ke shan wayfai ɗinka. Wallahi ka duba wannan jerin, in gidan mutum huɗu ne kaga na'ura goma sha ɗaya ka san inda bandul ke tafiya, canza fasiwod.

Ya nuna ya haɗa amma shafi baya buɗewa

Danna maɓallin Windows da R tare, rubuta cmd, baƙin allo zai fito. Rubuta ping 8.8.8.8 ka danna Enter. In kaga Reply from sau huɗu intanet na tafiya. Sai ka rubuta ping google.com, in wannan ya ƙi alhali na farko yayi, matsalar DNS ce, wato abun da ke juya sunan shafi zuwa lamba. Rubuta ipconfig /flushdns, in bai isa ba ka shiga Properties na haɗin, Internet Protocol Version 4, ka saka 8.8.8.8 da 1.1.1.1 da hannu. In duka biyun Request timed out suke cewa ka koma baya kan bandul da APN.

Yanzun kalli agogon da ke kusurwar allo ta ƙasa. Tsofaffin kwamfutocin tebur ɗin nan da ake kawowa daga waje akwai wani ɗan batir mai faɗin kwabo a cikinsu, CR2032, in ya mutu duk sanda aka ɗauke wuta kwanan wata sai ya koma shekarun baya, kai kana wannan shekarar ita tana 2009. Da zarar haka ta faru kusan kowane shafi zai ce maka haɗin ba amintacce bane, imel ma ya ƙi, sai mutum ya ɗauka bairos ne. Gyara kwanan wata, komai ya dawo. Batirin kuma masu gyaran agogo na sayar dashi, ka kashe kwamfuta ka zare wuta ka buɗe gefe, zaka ganshi yana ƙyalli a kan babban allon, ɗan ƙarfe zaka tura ya fito.

Kuma tunda bandul muke saye, a Network & Internet ka kunna Metered connection dan Windows ta rage sauke kaya a ɓoye.

Saita imel

Kafin ka taɓa Outlook ko wata manhaja ka buɗe burawuza ka shiga gmail.com ko mail.yahoo.com da adireshinka da fasiwod. In nan ma ya ƙi toh fasiwod ɗin ka manta, sai ka bi hanyar dawo dashi, manhaja bazata taimake ka ba. In ya shiga, tun kana ciki ka duba lambar wayar da ke maƙale da akawun ɗin, in tsohon layi ne da ya ɓace ko aka rufe ka canza yanzun nan, ka rubuta ta da +233 ka cire sifilin farko. Da yawa daga iyayenmu wani yaro ne ya buɗe masu imel a kafe shekara goma da suka wuce da lambar shi, yaron yanzun yana Jamus, ranar da Google ya nemi kod sai a rasa inda za'a dosa. In kai kake saita ma Alhaji ko Hajiya, ka saka lambar da ke hannunsu, ka rubuta masu adireshin da fasiwod a takarda su ajiye inda suke ajiye fasfo. Akawun ɗin Google da aka shekara biyu ba'a shiga ba suna iya goge shi, ka tuna masu su riƙa leƙawa.

Ni shawarata Thunderbird, kyauta ce daga Mozilla kuma bata da nauyi. Outlook Express ɗin da ya zo da Windows XP ka haƙura dashi, Microsoft ta daina kula da XP tun Afrilu 2014, wahalar da zaka sha kafin ya yarda da Gmail bata da amfani. Ka sauke Thunderbird ka buɗe, ka rubuta sunanka da adireshin imel, ita da kanta zata nemo saitin, sai ta buɗe maka tagar Google ko Yahoo ka shiga a nan ka danna Allow, shikenan.

Zata tambaye ka IMAP ko POP. Ka ɗauka kamar akwatin gidan waya ne, POP ka je ka kwashe wasiƙun ka tafi dasu gida, IMAP kuma ka karanta ka barsu a akwatin. Zaɓi IMAP in kana duba imel a waya ma, abun da ka karanta ko ka goge a nan zai nuna a can, kuma ranar da kwamfuta ta mutu saƙonninka suna nan. POP zamanin layin waya yayi amfani sosai dan ka haɗa minti biyu ka sauke ka yanke ka karanta a nitse, yanzun dalilin ya ragu.

In sai ka cika da hannu, na Gmail mai shigowa imap.gmail.com, lambar ƙofa 993, da SSL. Mai fita smtp.gmail.com, 465 da SSL ko 587 da STARTTLS. Mai son POP, pop.gmail.com da 995. Na Yahoo imap.mail.yahoo.com 993, smtp.mail.yahoo.com 465. Wurin sunan shiga ka rubuta adireshin gaba ɗaya har da @ da abun da ke bayanta, rabi baya aiki.

Toh ga inda aka fi maƙalewa. Ka saka fasiwod ɗin da ka tabbata dashi, yanzun nan ka shiga dashi a burawuza, amma tsohon Outlook sai dawo maka da akwatin fasiwod yake, wani lokacin da ero 0x800CCC92. Ba kai bane. Tun ƙarshen Mayu 2022 Google ya daina yarda tsofaffin manhajoji su shiga da fasiwod na yau da kullum. Ka shiga myaccount.google.com, Security, ka kunna 2-Step Verification, sannan ka nemi App passwords, ka ƙirƙiri ɗaya, zasu baka haruffa 16. Su zaka saka a Outlook a madadin fasiwod ɗinka, kuma sau ɗaya ake nuna su, ka kwafa kafin ka rufe. Yahoo ma haka, a Account Security. Masu Hotmail da Outlook.com kuma Microsoft ta rufe tsohuwar hanyar shiga a Satumba 2024, su dole sai sabuwar manhaja irin Thunderbird ta yanzu ko burawuza.

In saƙo na shigowa amma baya fita, a Outlook ka shiga More Settings, Outgoing Server, ka saka alama kan My outgoing server requires authentication, sannan a Advanced ka duba ko ƙofar fita na kan 25, in haka ne ka mayar da ita 587 ko 465 dan kamfanoni da yawa sun toshe 25 saboda masu tura saƙon banza. Ero 0x800CCC0E yawanci sunan saba ne, irin su smtp.gmail.com ɗin nan, aka rubuta ba daidai ba ko lambar ƙofa, harafi ɗaya ya isa, ka karanta shi da ƙarfi kana nunawa da yatsa.

Wani lokacin kuma saƙo ɗaya ne ya toshe layi a Outbox, wani ya lafta bidiyon walima a ciki alhali Gmail baya ɗaukar abun da ya wuce megabait 25, duk saƙon da ke bayan shi sai ya tsaya. Ka danna Work Offline, ka buɗe Outbox ka goge shi, ka dawo onlayin, bidiyon kuma ka ɗora a Drive ka tura link.

In kuma fita yake amma an ce an turo maka baka gani ba, duba Spam tukuna, sannan ka gangara ƙasan shafin Gmail a burawuza ka ga nawa ka cinye cikin gigabait 15 ɗin da suke bayarwa kyauta. Wurin ɗaya ne da Drive da Google Photos, kuma tun farkon 2024 ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android ma a ciki ake lissafa ta, duk bidiyon wa'azi da na guruf ɗin dangi suna can suna cin wuri. In ya cika sabon saƙo bazai shigo ba, komawa zaiyi wurin mai turowa. A akwatin bincike na Gmail ka rubuta larger:10M, zai jero maka manyan saƙonni, ka goge waɗanda baka buƙata, ka shiga Trash ka zubar dashi shima dan abun da ke ciki yana nan a lissafi har kwana 30, a WhatsApp kuma ka cire bidiyo daga cikin abun da ake ajiyewa. Sai ka ce ma mai turowan ya sake turowa.